Abin Wuyan Ladan

Kakana na wajen uba ladan ne. Masallacin da yake kiran salla a cikinsa bai fi taku arba'in daga ƙofar gidanmu ba, a can cikin lungunan unguwar Maamobi a Accra. Ɗan ƙarami ne mai rufin kwano, a gefensa kuma akwai wata matakala ta siminti wadda ba ta kai ko'ina, ta hau ta tsaya a sarari haka nan. A kanta yake tsayawa sau biyar a rana, ya toshe kunnuwansa da yatsu ya yi kira. Lokacin manyan masallatan bakin titin Nima ne kaɗai ke da lasifika. Muryarsa ba ta da zaƙi irin na Larabawan da muke ji a kaset, amma tana da nisa, har masu wanki a bakin babbar kwata sukan ce da ita suke sanin azahar ta yi.

Kowa Baba Ladan yake ce masa, har mahaifina. Ni kaɗai nake ce masa Maigida, shi kuma ya ce mini Amarya, irin wasan nan na kaka da jika. Ina da shekara goma sha biyu ko sha uku a shekarar da nake son ba da labari, farkon shekarun tamanin, lokacin da za ka shiga kanti ka tarar da kantoci wayam, ba sabulu, ba madara.

Gidanmu gidan haya ne, ɗakuna a jere sun kewaye tsakar gida, famfo ɗaya a tsakiya wanda yakan kawo ruwa ranar da ya ga dama. Mu muna da ɗaki uku, sauran na 'yan haya ne. A ɗakin ƙarshe, wanda tagarsa ke kallon lungun masallaci, akwai wata mata 'yar ƙabilar Ewe daga yankin Volta. Kirista ce, mijinta ya rasu, ɗanta ɗaya yana makarantar kwana. Tana aiki a ɗakin wanki na wani asibiti a cikin gari. Anti muke ce mata. Doguwa ce, siririya, hannuwanta sun yi fari-fari saboda ruwa da sabulu. Ta daɗe a Zango, unguwannin Hausawa, har ta iya Hausa, amma Hausarta ba ta raba mace da namiji, kowa "shi" ne a bakinta, tana kuma cusa yaren Twi da Turanci duk inda kalma ta ɓace mata. Kakana, wanda iyayensa daga Katsina suka zo, yakan ce Hausar Anti kamar miyar da aka yi da abin da aka samu ce, tana dai ciyuwa. Tsakaninsu gaisuwa ce kawai. Ya ce an tashi lafiya, ta russuna ta amsa, shi ke nan.

Da yamma idan ta dawo daga aiki, takan fito da 'yar kujerarta ƙofar ɗaki ta zauna tana saƙa da kwarashi. Fararen abubuwa take saƙawa masu huda-huda, waɗanda ake shimfiɗawa a kan tebur da bayan kujera. Nakan wuce da bokiti in saci kallon hannunta. Ban taɓa tunanin abu ne da mutum irina zai iya ba.

Wanda bai zauna Accra ba zai yi dariya idan aka ce masa ana sanyi a garin. Amma bayan manyan ruwan sama sun wuce, wajen watan bakwai da na takwas, rana takan ɓuya kwana da kwanaki, iska ta riƙa tasowa daga teku da danshi, ga yayyafi wanda ba ya jiƙa mutum sosai amma yana shiga ƙashi. A irin wannan lokacin muryar kakana ke dushewa. Kowace shekara sai ta yi, a dafa masa citta da kanumfari, a matsa lemun tsami a zuma, ta dawo. Shi kuma yakan naɗa wani tsohon tawul a wuya kafin ya hau matakalar. Matsalar tawul ɗin, da zarar ya ɗaga hannu zuwa kunne sai ya warware, wani lokaci ya faɗo ƙasa cikin taɓo, ya ƙarasa kiran iska na dukan maƙogwaronsa.

A wannan shekarar abin ya fi na kullum. Wata asuba ya hau ya buɗe baki, muryar ta ƙi fita sam. Ya yi ta ƙoƙari, sai wani ɗan siririn sauti kamar na ƙyauren da ya yi tsatsa. Rabin unguwa suka makara. Mma, mahaifiyata, wadda ke sayar da wake da shinkafa a bakin titi, ba ta ɗora tukunya da wuri ba, masu saye suka tafi wajen wata.

Da yamma ina wanke kwanuka a bakin famfo Anti ta kira ni. Ta ce yau ta rasa motar farko, ta isa aiki a makare, shugabarsu ta yi mata faɗa a gaban yara. Ta tambaye ni me ya sami tsoho. Na gaya mata.

"Shekara shida ina gidan nan ban sayi agogo ba," in ji ta. "Shi ne agogona. Wuyan nan nasa sai an rufe shi da abin da ba ya faɗuwa."

Ta kwatanta mini da hannu abin da take nufi: saƙa mai kauri, faɗinta kamar tafin hannu da rabi, tsawonta daidai zagayen wuya, a sa mata maɓalli biyu. Ta ce ta ga likitoci Turawa da irinsa. Na ce to ta saƙa masa mana. Ta girgiza kai ta ce idan daga hannunta ya fito, tsohon zai yi godiya ya ajiye, ba zai sa ba. Amma idan amaryarsa ce ta yi, ba shi da bakin ƙi. Don haka ni zan saƙa, ita nata koyarwa.

Mma ba ta so ba. Ta ce wa ke jin sanyi a garin nan har da za a yi wa namiji abin wuya, kuma wa zai tsince mata wake idan na zauna ina wasa da zare. Baba, mahaifina, shi ne ya sa baki, ya ce a bar ni bayan la'asar, muddin na dawo daga makaranta na cika randa.

Abu na farko, zare. Zaren Anti na auduga ne siriri, ba ya riƙe ɗumi, ulu kuwa babu shi a kanti. Ranar Asabar ta ɗauke ni muka hau trotro, motar haya, zuwa kasuwar Kantamanto, wajen 'yan gwanjo. Ban taɓa ganin tufafi da yawa haka a wuri ɗaya ba, an zube su tsibi-tsibi, ana ta ihu ana ja. Muka je wajen masu suwaita, inda ba kowa ke tsayawa ba. Duk wadda Anti ta ɗauka sai ta juya cikinta waje ta duba ɗinkin gefe. Ta nuna mini cewa akwai wadda aka yanka da almakashi aka haɗa da keke, irin wannan in ka warware guntu-guntu za ta ba ka. Akwai kuma wadda aka saƙa kowane ɓangare daban aka haɗa, ita ce zarenta ke fitowa dogo ba yankewa. Ni idona na kan wata ja mai haske. Anti ta ce in tuna wuyan da za a sa wa. Muka ɗauko wata ruwan toka, babba, wadda gwiwar hannunta ɗaya ta huje, tana warin kafur.

Warwarewar ta fi komai daɗi. Da ta tsinke ɗinkin ta kamo bakin zaren, sai ta miƙo mini ta ce in ja. Na ja, saƙar ta riƙa zubewa layi-layi da wani ɗan ƙara mai daɗi, ƙannena suka taru suna roƙon a ba su su ja. Zaren ya fito a nannaɗe kamar gashin tunkiya. Muka naɗe shi a bayan kujera, muka ɗaure, muka jiƙa a ruwan ɗumi, muka rataye a igiyar shanya da dutse a ƙasa don ya miƙe. Kwana uku bai bushe ba saboda rashin rana. Duk matar da ta zo shanya sai ta tambaya taliyar wa aka rataye.

Sai kwarashi. Na Anti siriri ne kamar allura, ba zai kama ulu ba. Ta zana mini girman wanda ake so a bayan takarda, na kai wa kawuna, ƙanin Mma, wanda yake makanike a Abossey Okai. Ya dubi zanen ya yi dariya, ya ce shi da yake sauke injin mota yau an mai da shi maƙerin mata. Amma ya samo wata waya mai kauri ta alminiyam, ya sa magagari ya fitar mata da ƙugiya. Na farkon da ya yi yana da kaifi, yana tsarge zaren. Na mayar masa, ya goge bakin da sanfefa har ya yi santsi, ya lanƙwasa gindin don kada ya soke ni a tafin hannu. Ya ce in na gama da na tsoho, shi ma yana da wuya.

Ranar da na fara, na ɗauka a zama ɗaya zan gama. Anti ta nuna mini yadda ake ƙulla madauki na farko, da yadda ake ratsa zare a yatsun hagu don ya riƙa zuwa daidai. Sai sarƙa: a naɗo zare a jawo ta cikin madauki, a sake, a sake. Kwana biyu ba abin da na yi sai sarƙa. Hannuna yana da tsauri, nakan matse zaren har kwarashin ya kasa shiga. Ta ce ina riƙe shi kamar wanda ya kama ɓarawo. Takan ɗora hannunta mai sanyi a kan nawa ta girgiza shi har ya saki, ta ce in yi numfashi. Ba ta faɗa, ba ta kuma yabo. Idan abu bai yi ba sai ta zare kwarashin, ta ja zaren, aikin yini ya koma ƙwallo, ta miƙo mini. Ranar farko da ta yi mini haka na shiga banɗaki na yi kuka.

Ɗinki iri biyu kawai ta koya mini. Tana da sunayensu na Turanci, ni dai na sa musu gajere da dogo. Gajere shi ne ka sa kwarashi cikin ido, ka jawo zare, ka naɗo ka fitar ta cikin madaukai biyun a tare. Dogo kuwa sai ka naɗa zare tun kafin ka shiga idon, ka jawo, sannan ka fitar biyu, ka sake fitar da biyu. Ta ce in yi gajere ɗaya, dogo ɗaya, haka har ƙarshen layi. In na juyo, in ɗora dogo a kan gajere, gajere a kan dogo. Da farko ban ga amfanin wannan wahala ba, sai da na yi layi biyar ko shida na ga saƙar ta fara fitar da ƙananan tudu da kwari a jere, kamar ƙwayoyin masara a jikin totuwa. Anti ta ce a cikin kwarin nan ɗumi ke kwana, shi ya sa ta fi shimfiɗaɗɗiyar saƙa.

Ina zaune a ƙasa kusa da ƙafarta ina ta "gajere, dogo, gajere, dogo" a fili kamar mai bitar allo. Ita tana nata aikin tana waƙar cocinsu ƙasa-ƙasa. Idan aka kira magariba, wanda a kwanakin wani ɗalibin liman ne ke yi a madadin kakana, sai ta karɓe saƙar ta ce in tashi in yi alwala, Allah ya riga zare. A zaman nan na ji labarin garinsu da ke bakin ruwa, da yadda mijinta ya kawo ta Accra ya mutu ya bar ta da goyo, da yadda ta zo Zango don nan ne kaɗai aka ba ta ɗaki ba a tambaye ta wa ya tsaya mata ba.

Babbar matsalata ita ce bakin layi. Idon ƙarshe yakan ɓuya, in tsallake shi ban sani ba, sai saƙar ta riƙa tsukewa tana hawa kamar dala. Sau uku ana warware mini. A na huɗu Anti ta ɗaura guntun jan zare a idon farko da na ƙarshe, ta ce kada in juya sai na gaishe da mai jan hula. Da haka gefen ya miƙe, ko da yake bai taɓa miƙewa sosai ba.

Da saƙar ta yi tsawo sai maganar awo ta taso. Ba na son kakana ya sani. Na bari sai da ya kishingiɗa a baranda bayan azahar, ya fara minshari, na lallaɓa da guntun zare na zagaya wuyansa a hankali. Ina cikin haɗa bakin zaren ya buɗe ido ɗaya.

"Amarya, rataye ni za ki yi ki ci gado?" Muryar a shaƙe, da ƙyar ake ji.

Na ce ƙuda nake kore masa. Ya ce to ƙudan nan ya yi sa'a, da igiya ake kama shi. Ya mai da idonsa ya rufe.

Na gama cikin mako na uku. Baba ya ciro maɓallai biyu baƙaƙe daga wata tsohuwar kwat ɗinsa, Anti ta nuna mini yadda zan ɗinka su, ta ce ba sai an yi musu ƙofa ba, za su shige ta tsakanin dogayen ɗinkin. Gefe ɗaya ya ɗan fi ɗaya faɗi, akwai kuma wani wuri a tsakiya da na jera dogo biyu, tudun ya karkace. Na so a warware, ta ce a'a, wannan karon a bar shi, mai shi ya san hannun mutum ne ya yi.

Na kai wa kakana bayan sallar Juma'a. Ya karɓa ya jujjuya, ya leƙa ta cikinsa, ya tambaye ni ina sauran rigar. Na ɗaura masa da kaina na ɓalla maɓallan. Ya ɗaga hannuwansa zuwa kunne, ya sauke, ya sake ɗagawa, abin bai motsa ba. Sannan ya sa mini albarka mai tsawo har Mma da ke bakin murhu ta riƙa amsawa da amin. Washegari da shi ya fita. Na ji kamar a ɗora ni a kan matakalar nan in gaya wa duk Maamobi.

Kwana biyu ya sa. A rana ta uku na gan shi ya fito da tsohon tawul ɗinsa. Na ce a raina ko mantuwa ce. Rana ta huɗu ma tawul, ta biyar ma haka. Ban tambaye shi ba, fushi na yi irin na yara. Na daina kai masa kokonsa da safe, na riƙa tura ƙanwata. In ya ce Amarya sai in yi kamar ban ji ba. Na gaya wa Anti cewa ga shi abin da ta ce ba zai faru ba ya faru. Ta ce in yi haƙuri, tsofaffi ba sa ajiye abu ba dalili. Ni dai na cusa kwarashina a ƙasan akwati.

Mma ce ta gano. Tsakaninta da kakana akwai kunyar suruki, ba ta kallon fuskarsa, in ta kai masa abinci durƙusawa take yi kanta a ƙasa. Amma ranar da ta ɗago za ta ɗauki kwano sai ta ga wuyansa duk ya yi ruɗu-ruɗu da ƙuraje, yana shafa man kaɗanya. Ta gaya wa Baba, Baba ya tambaye shi. Ashe ulun ne ke cizonsa. Tun ranar farko yake sosa, ya daure kwana biyu don kada in ji ba daɗi, ya kuma hana a gaya mini.

Ban san duk wannan ba sai wata rana da na dawo daga makaranta na tarar da Mma a bayan madafa, ta baro wajen sana'arta da wuri, abin wuyan a cinyarta da allura a hannu. Ta yanko wani farin ƙyalle mai laushi daga tsohon mayafin marigayiya kakata, wanda wanki ya cinye har ya zama kamar auduga, tana ɗinke shi a cikin saƙar da ƙananan ɗinki a jere. Ba ta ɗago ba ta ce, "Ulun Bature cizo yake yi. Da kin tambaye ni da na gaya miki." Na tsuguna kusa da ita ina kallo. Can ta shafa tudun saƙar da babban yatsa, ta ce ashe hannuna ya iya wani abu ban da fasa mata kwanuka. Daga Mma wannan babban yabo ne.

Ni na mayar wa kakana. Ya shafa farin ƙyallen, na ga ya gane na marigayiya matarsa ne. Ya dai tambaye ni ko yajin ya ƙare, don ƙanwata ba ta iya dama koko ba, ruwa take kawo masa.

Muryar ta dawo a hankali. Ba zan rantse cewa saƙata ce ta dawo da ita ba, don a lokacin yana shan citta, rana kuma ta fara fitowa. Amma ya ci gaba da sawa, har a ranakun da ba sanyi. Tsofaffin masallaci suka sa shi a gaba da tsiya, suna cewa ladan ya yi abin wuya sai 'yan kunne suka rage. Ba a yi wata guda ba matar liman ta zo wajen Mma da wata tsohuwar suwaita a ƙunshe, ta ce malam ya ce ko yarinyar nan za ta taimaka. Bayansa sai mai gyaran rediyo na bakin lungu, sai wani direba da ke ɗauko albasa daga arewa zuwa kasuwar Agbogbloshie, wanda ya ce iskar hanya na kashe shi. Kawuna ya samu nasa daga ragowar ruwan tokar, ya rataye shi a madubin wata mota da yake gyarawa, mai motar ya tafi da shi.

Da babbar salla ta zo, kakana bai aike ni da naman Anti ba kamar yadda aka saba. Da kansa ya ɗauki cinya guda a faranti ya taka har ƙofar ɗakinta ya yi sallama. Ta fito tana goge hannu a zani, ta rasa inda za ta sa kanta. Ya ce ya ji ita ce malamar, kuma ba a cin karatu a manta da malami. Ta ce ita ba ta yi komai ba, yarinya ne ya yi. Suka tsaya nan suka yi hira, har ya tambaye ta karatun ɗanta. Duk gidan aka tsaya ana kallo.

Bayan shekara biyu ko uku wani ɗan unguwa da ke ƙasar waje ya aiko wa masallaci da lasifika. Kakana ya ce shi ba zai yi kira cikin ƙarfe ba. Ya yi mako yana hawa matakalarsa, na'urar na rataye ba mai taɓa ta, har liman ya lallashe shi. Da ya fara kuwa sai ya ga ba ya bukatar ɗaga murya, ba ya bukatar fita cikin iska, daga cikin masallaci yake yi a tsaye kusa da taga. Ina jin daga nan abin ya fara fita daga ransa. Ƙafafunsa ma suka fara ciwo, ya bar wa ɗalibin liman kiran gaba ɗaya. Saurayin yana da murya mai daɗi, amma barci na da nauyi a kansa, ga wuta da ake yawan ɗaukewa. Sai kakana ya ɗauki wata al'ada: in zai wuce masallaci da asuba, ya ƙwanƙwasa tagar Anti da sandarsa sau biyu, ya wuce. Haka ya yi har ta bar aiki.

Ɗanta ya gama karatu ya samu aiki, ya gina ɗaki biyu a wata unguwa da ake kira Malam, can gefen gari, ya ce ta komo wajensa. Lokacin ina da shekara goma sha tara, ina koyon ɗinki a Nima. Ranar tashinta aka kawo wata tsohuwar a-kori-kura, matan gida suka fito da kayanta, gado da akwati da tukwane da hoton mijinta. Kakana yana zaune a benci a ƙofar gida. Ta je ta durƙusa a gabansa, ya ɗaga hannu ya yi mata addu'a da Larabci da Hausa, ita kuma tana amsawa da amin irin ta cocinsu, mai ja. Ya kira direban ya ce masa kayan da ya ɗauka na mutunci ne, ya bi a hankali.

Ni na raka ta, ina zaune a bayan mota a kan katifa ina riƙe da madubi. Malam a lokacin ba ta cika ba, gidaje jefi-jefi ne, ciyawa a tsakaninsu, ana hango tudu. Muka share ɗakin, muka kafa gado, na taya ta shimfiɗa fararen saƙe-saƙenta a kan tebur da kujeru har wurin ya fara kama da ɗakinta na gidanmu. Ta dafa tuwon garinsu da miyar kuɓewa da kifi, muka ci a kwano ɗaya. Ta ce shirun wurin ya yi mata yawa, ba kukan yara, ba faɗan layin famfo. Kafin la'asar ta raka ni bakin titi ta sa ni a mota, ta tsaya tana ɗaga hannu har muka sha kwana.

Na koma wajenta sau biyu ko uku. A zuwa na ƙarshe yatsunta sun kumbura, ta daina saƙa, kaji take kiwo a bayan ɗaki, ta kuma kama mini ɗaya ta ce in kai wa Mma. Daga nan aure ya kai ni Kumasi, haihuwa ta zo, zuwa Accra ya zama sai da dalili. Kakana ya rasu ina da cikin fari. Rasuwar Anti kuwa sai bayan wata huɗu na ji, a bakin wata tsohuwar maƙwabciyarmu da muka haɗu a gidan suna, ta faɗa a tsakiyar wata hira tana tsammanin na sani. Na fita waje na zauna a kan wani bulo har aka fara rabon abinci, ƙanwar mijina ta zo ta kira ni.